Koren da Ya Ɓace a Zauren Baffa Yahuza

Sau biyu kacal Baffa Yahuza ya taɓa zama ya kalli talabijin a rayuwarsa, kuma duka biyun ni na ja masa. Na farkon saura ƙiris ya raba shi da allura.

Ƙanin mahaifina ne, maɗinkin manyan riguna a Aujara. Shekara arba'in da 'yan kai yana zama a kusurwa ɗaya ta zaurensa, inda hasken hantsi yake faɗowa, ƙafa ɗaya a miƙe, riga a kan gwiwa. Ba shi da sauri. Rigar da wani zai gama a wata guda, shi sai ya kai wata biyu yana fama da ita, kuma in ka matsa masa ya naɗe maka yadinka ya ce Allah ya haɗa ka da mai sauri. Abin da ya sa ake haƙuri da shi idonsa ne. Baffa ba ya cewa kore kawai ya tsaya nan. A wurinsa akwai tsanwa, akwai algashi, akwai koren ganyen riɗi, akwai na gero in ya sha ruwan sama ya kwana. Ya taɓa hawa mota takanas ya mayar da zare Kano saboda wai ƙulli biyu ba su yi daidai ba, alhali duk wanda aka nuna wa a gidan cewa ya yi iri ɗaya ne.

Yadda yake tattalin idon nan kuwa sai ka ce jariri. Ba ya ɗinki bayan la'asar. Ba ya zama inda hayaƙi yake. Kwalli kullum safiya. Talabijin ɗin da ɗansa ya aiko gidan tare da sola, matarsa Inna Suwaiba ce kaɗai take kunnawa ta saurari wa'azi. Shi in zai wuce ta ƙofar ɗakin sai ya kau da kai, wai akwatin nan cin ido yake yi.

Akwai dalili. Kakanmu Malam Idirisu, mahaifinsu, shi ma maɗinki ne, kuma ido ne ya ƙare shi. Ya ɓoye abin wajen shekara biyu, har ranar da ya ɗinka wa wani attajiri riga da kore iri biyu bai sani ba, aka ɗaga ta a kasuwa ana dariya. Baffa yana saurayi a lokacin, yana tsaye a wurin. Daga baya tsohon ya gaya masa yadda ciwon ya fara: in ya dubi abu mai haske sai fari ya yi masa ja-ja, kore ya koma baƙi. Tun ranar Baffa ya yi wa kansa alkawari, da zarar ya ga alamar nan zai ajiye allura da hannunsa, ba zai jira a yi masa dariya ba. Kuma su maɗinka suna da wata ɗabi'a. Za su tambayi juna ciwon baya, ciwon gwiwa, har basir, amma ba wanda yake tambayar ɗan'uwansa ido, ba kuma wanda yake faɗin nasa.

Ni ce Adawiyya. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa Baffa ba ya kirana sai da Uwata. A Dutse nake aiki, a wani shagon buga takardu da katin biki, kuma kowa ya san ni da rawar kai. Ba na musu.

A tsakiyar daminar bara wani ɗan kasuwa a Haɗeja, Alhaji Babagana, ya aiko da farar shadda. Shekara ashirin da biyu da suka wuce Baffa ya ɗinka masa wata riga fara da zaren algashi, yanzu ɗansa zai yi aure bayan kaka, yana so a yi masa irinta sak. Rigar kuwa ya ce ba za ta bar akwatinsa ba. Sai ya sa aka ɗauki hotunanta gaba da baya aka turo mini a waya, na zuba su a laftof ɗina na hau mota ranar Asabar.

Da na tsaya na miƙa masa laftof ɗin ya duba, da duk abin da ya biyo baya bai faru ba. Amma ina! So nake a ga na iya. Na ce allon ya yi ƙanƙanta, aikin wuya ba zai fito ba, a fito da talabijin. Baffa ya ƙi, na nace, na ce minti biyar ba ya cin ido. Aka ɗora akwatin a kan kujera a bakin ƙofar da ke shiga cikin gida, fuskarsa na kallon zaure. Na haɗa da kebur ɗina mai shuɗin kai, wanda ake ɗaurewa da 'yan kusoshi biyu. Kebur ɗin gajere ne, ga abokan zamansa biyu, Malam Muntaka da Malam Bubayero, duk maɗinka, duk sa'o'insa. Ba zan je in baje a tsakiyar dattawa ba. Sai na tsuguna a bayan talabijin ɗin, ta cikin gida, laftof a cinyata. Ina ganin fuskokinsu, ba na ganin abin da suke gani.

Na buɗe hoton farko. A allona rigar ta fito fara fat, aikin kore shar.

Na ce, "Baffa, ga ta nan. Ka ga farinta kamar jiya aka saya. Koren nan ko kaɗan bai koɗe ba."

Ba wanda ya tanka. Na ɗauka kyau ne ya kashe musu baki, na ci gaba da zuba kamar kanya. Ga aljihu, ga zanen tambari a baya, dubi yadda algashin yake sheƙi. Baffa ya matso, ya ja baya, ya murza ido. Can ya juya ga abokansa.

"Malam Muntaka, ya ka gani?"

Malam Muntaka ya gyara hula. "Ma sha Allah. Aiki ya yi."

"Malam Bubayero?"

"Tubarkalla," in ji shi, idonsa a kan tabarma.

Baffa ya ce, "To, Uwata, kashe haka nan. Allah ya yi miki albarka." Na naɗe kebur ɗina ina jin kaina a sama, na koma Dutse da yamma.

Kwana tara bayan haka Inna Suwaiba ta kira ni.

"Adawiyya, me kika nuna wa Baffanki ne ranar nan?"

"Riga, Inna. Lafiya?"

"Ina fa lafiya. Tun ranar bai taɓa allura ba. Ya zuba su a gwangwani ya ɗora a kan katanga. Mutumin da in ya zauna sai kiran salla ke tashinsa, yanzu ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya kwance dangar awaki ya sake ɗaurewa sau biyu. Jiya har madafi ya biyo ni wai tukunyata ta karkace. Ni dai ya ishe ni, kuma tausayi yake ba ni."

"Bai ce komai ba?"

"Cewa ya yi ya gaji. Shaddar Haɗeja ma ya naɗe, wai ranar kasuwa zai ba direba ya mayar."

Na kira shi da kaina. Ya amsa gaisuwa lafiya lau, da na taɓo maganar riga sai ya ce, "Uwata, kowane aiki da ranar ajiye shi," ya kashe waya. Raina ya ɓaci. Na yi ta masifa ni kaɗai a shago: na ɗauki ƙafa na je, na yi hidima, sannan a ce an gaji? A raina har na ce tsufa ne ya fara taɓa shi. Allah ya yafe mini.

Ana gobe kasuwa wata mata ta zo daga Kiyawa duba katin bikin ƙanwarta. Fari ta ce, da rubutu kore. Ta ce ba ta gani sosai a laftof, sai na jawo kebur ɗin nan daga jaka, karon farko tun dawowata daga Aujara, na haɗa da talabijin ɗin shago. Ko zama ban yi ba ta daka mini tsawa.

"Ke! Na ce miki fari da kore, kin yi mini ruwan hoda da baƙi? Bikin wa za a kai wannan?"

Na ɗaga kai. Gaskiyarta. Katin da yake fari a laftof ya koma ruwan hoda mai shunayya-shunayya, rubutun ya zama baƙi ƙirin. Na ba ta haƙuri na ɗauki rimot. Na shiga wurin saita launi, na rage, na ƙara, na mayar da komai yadda ya zo daga kamfani. Ruwan hodar nan yana nan daram. Na juya zuwa tashar labarai, sai ga mutane da kalarsu, ciyawa koriya shar. To, talabijin lafiyarsa ƙalau. Na dubi laftof, shi ma allonsa lafiya. Na kashe shi na kunna, na shiga saitin allo na biyu na lalube duk abin da na sani, har da wanda ban sani ba. Matar tana tsaye a kaina tana karkaɗa makullin mota, gumi yana bin bayana. Na zare kebur na sake sokawa na ɗaure tamau, hoton ya ɗan yi rawa ya koma yadda yake.

Abu uku ne a tsakani, biyu sun wanke kansu. Na ruga shagon maƙwabta na aro kebur irinsa. Ina haɗawa kati ya fito fari da kore, matar ta ce, "Yauwa, ko ke fa."

Bayan ta tafi na kai bakin kebur ɗina ƙofa wurin haske. A cikin shuɗin kan akwai 'yan haƙora siri-siri guda goma sha biyar, layi uku. Na biyu a layin sama ya kwanta a gefe, ba ya shiga raminsa. Launi uku ne suke bi ta wayar, ja da kore da shuɗi, kowanne da haƙorinsa, kuma wanda ya kwanta na kore ne. In kore bai iso ba, fari sai ya zama haɗin ja da shuɗi, kore kuwa ya zama baƙi. Na ce ɗan hakin da ka raina. Har na ɗauko fil zan miƙe shi, sai hannuna ya tsaya.

Fari ya yi ja-ja, kore ya koma baƙi. Maganar Kaka Idirisu ke nan, ba ragi ba ƙari. Na tuna Baffa yana murza ido, ni kuma ina bayan akwati ina ta rantse masa da kore. Wallahi ban taɓa jin kunyar kaina irin ta lokacin ba.

Ban miƙe haƙorin ba. Baffa ba mutumin da za a gaya wa ba ne, sai dai ya gani. Na kira Inna na ce ko da kokawa kada shaddar nan ta bar gidan. Da sassafe na kama hanya, kuma motar kamar da gayya, duk ƙauyen da muka zo sai ta tsaya a sauke buhu ko a ɗauki akuya. Ina ta duba agogo ina tsaki har wata tsohuwa ta tambaye ni ko haihuwa ake yi a gida. Dama da hagu gero da riɗi sun yi kore shar, ni kuwa kallonsu ma haushi yake ba ni.

Na same shi a tsakar gida tsaye, ƙunshin shadda a hammata, Inna ta tare hanya da tsintsiya tana sharar inda ta riga ta share. Ya rame. Kwana goma sha biyu kawai.

Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baffa, alfarma nake nema. Ka sake kallon rigar nan sau ɗaya."

"Na gani, Uwata. Ya isa."

"Ba ka gani ba."

Ya dube ni da wani irin kallo. Ban taɓa yi masa musu ba. "Direba zai tashi," in ji shi.

"In ya tashi ni zan kai ta Haɗeja da ƙafata. Baffa, in dai sunan da kake kirana da shi na gaskiya ne, ka zauna."

Ya gyara ƙunshin a hammata. Sannan ya ce, "Kin ci albarkacin mai sunan," ya wuce zaure bai ajiye ƙunshin ba.

Na roƙi Inna ta aika a kira Malam Muntaka da Malam Bubayero. Suka zo suna jan ƙafa, da suka hango talabijin a kan kujera kowannensu ya nemi komawa. Wannan karon na ajiye kunya a gefe, na haɗa kebur na zagayo na tsuguna a gefen tabarmarsu. Rigar ta fito, ruwan hoda da baƙin aiki, muni kamar me.

Na ce, "Ni dai ga abin da nake gani. Riga ruwan hoda, aiki baƙi."

Malam Muntaka ya zabura har hularsa ta zame. "Ke ma?"

"Ke ma kamar yaya?" in ji Malam Bubayero. "Kai ma haka ka gani ranar?"

"To da me na gani? Na ji yarinya tana cewa kore, na ga Malam Yahuza bai musa ba, ni wane ne?"

"La ilaha illallahu! Ni fa har asibiti na je a ɓoye, na ce wa iyali gaisuwar mutuwa zan tafi."

"Kai da ka ce tubarkalla?"

"Kai ba ma sha Allah ka ce ba?"

Suka kaure da musu, Inna tana bayan ƙofa tana dariya har da tari. Baffa ne kaɗai bai yi dariya ba. Na juyo da laftof na ɗora masa a gwiwa, rigarsa fara da korenta, ga kuma ta talabijin a gabansa. Ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya sake duba.

"Wacce ce ta gaskiya?"

"Wadda ka ɗinka, Baffa. Laifin wayata ne, kuma laifina ne da ban zagayo na duba ba. Ka ara mini allura in nuna maka."

Shi da kansa ya tashi ya sauko da gwangwanin daga kan katanga, ya busa ƙurar murfin ya buɗe. Na zare kebur na nuna masa haƙorin da ya kwanta, na sa allura zan ɗaga shi. Sau biyu allurar tana zamewa, kuma na san in haƙorin ya karye shi ke nan.

"Kawo," in ji shi. "Ke komai naki da gaggawa."

Bai ma kai abin kusa da ido ba. Ya laluba da tsinin allura, ya same shi, ya tallabe shi a hankali kamar mai cire ƙaya a ƙafar yaro, har ya tsaya daidai da 'yan'uwansa. Na soka, na ɗaure. Allon ya yi duhu, ya dawo. Fara fat, kore shar.

Su Malam Muntaka suka ɗauki kabbara. Ni kuwa hawaye ne ya zubo mini, na bar shi ya zuba. Baffa ya matsa gaba, ya ƙura ido ya daɗe.

"Ba shi ba ne."

Na ce, "Baffa, kore ne fa."

"Na ga kore ne. Amma wannan tsanwa ce, ta yi rawaya. Ni algashi na sa."

Na duba, ni dai ban ga komai ba. Abokansa ma suka ce ai ya yi. Don kada in sake yin musu na ɗauki rimot na shiga saitin launi, sai ga shi an ajiye shi a kan mai ɗumi, wanda yake sa komai ya ɗan yi rawaya. Na mayar da shi tsaka-tsaki. Ya ce saura kaɗan, ya yi kauri. Na riƙa rage ƙarfin launin ɗaya bayan ɗaya, yana cewa ƙara ragewa, ƙara ragewa, har ya ɗaga hannu.

"Tsaya nan."

Ya zura hannu a tsohuwar jakar zarensa har ƙasa, ya fito da wani ɗan guntun ƙulli da ya rage tun ɗinkin rigar farko. Ya miƙe ya kara shi a jikin allon, kusa da aljihun rigar. Ba ka iya cewa ga inda zare ya ƙare hoto ya fara. Malam Bubayero ya riƙe baki. Baffa ya koma kusurwarsa ya zauna, ya miƙe ƙafa ɗaya, ya kwance ƙunshin Haɗeja ya shimfiɗa shaddar a gwiwa.

"A kashe akwatin nan haka," in ji shi. "Ya ci abin da zai ci."

Ina naɗe kebur ina satar kallonsa. Ya tsinko zare, ya lasa bakinsa, ya ɗaga allura wajen haske. Zaren ya wuce ta gefe. Ya sake, ya sake wucewa. A karo na uku ya tsaya da hannu a sama. Malam Muntaka ya juya yana kallon titi, Malam Bubayero ya shiga neman takalminsa da ke gabansa. Sai a lokacin na gane cewa ba talabijin ne ya fara tsorata shi ba, ya daɗe yana wannan kokawar shi kaɗai a zaure.

Na ɗauka zai mayar da ita gwangwani. Sai ya miƙo mini allurar da zaren, a gaban abokansa, bai ko rage murya ba.

"Uwata, zura mini. Ramin ne ya fara ɓuya. Launin dai yana nan."

Na zura na miƙa masa. Ya ce in zura guda goma in soke su a jikin tabarma kafin in koma Dutse, sauran kuma Inna za ta koya. Ina cikin zura ta huɗu na ji Malam Muntaka ya yi gyaran murya, yana laluben aljihunsa.

"'Yar nan, in kin gama da nasa, ga tawa ma."